Tayar Dama ta Gaba

Duk direban da ya taɓa ɗaukar fasinja daga Gazawa zuwa Maraɗi ya san rumfar Sha'ibu mai faci. Tana bakin kwalta, daf da ƙofar tasha, ƙarƙashin wata bedi da shi ya dasa da hannunsa shekarar da ya kafa rumfar. Yanzu ya kusa shekara sittin. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin ƙarfen da ya sha rana. In ka same shi ba aiki, za ka gan shi zaune kan tsohuwar taya yana kallon hanya, ba ya yawan magana. Waɗanda suka san shi a da sun ce ba haka yake ba.

Kakansa ya zo ne daga ƙasar Katsina da jakai yana fatauci, ya ga ƙasar noma ya zauna. Ubansa gero da gyaɗa ya noma har ya mutu. Shi kuwa Sha'ibu shekara uku ya yi a lakol, makarantar boko, ya ce ya gaji, gona ma ba ta riƙe shi ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tafi Maraɗi, ya faɗa hannun wani Usmanu, tsohon direban babbar mota da ya koma faci bayan ya karye a ƙafa. A wurinsa ya koyi cire taya da like huda da auna iska. A wurinsa kuma ya koyi abin da ya zame masa suna daga baya, wato juya tayoyi.

Usmanu yakan ce taya huɗu ke ɗauke da mota, amma ba wahala ɗaya suke sha ba. Na gaba su ke juya kan mota, su ke shan birki, saboda haka gefensu ke fara cinyewa. Na baya su ke ɗaukar kaya suna tura mota. In aka bar kowace a inda take, sai ɗaya ta mutu alhali 'yan uwanta da sauran ƙarfinsu. In kuwa ana sauya musu wuri lokaci lokaci, na baya su dawo gaba, na gaba su koma baya ta dama ta koma hagu, sai su tsufa tare, mota ta zauna daidai a kan hanya. Sha'ibu ya riƙe wannan karatu kamar Fatiha. Da ya dawo Gazawa ya kafa rumfarsa, kullum akwai guntun alli a aljihunsa, yana yi wa kowace taya alama kafin ya cire ta don kada ya manta inda ta fito.

Yawancin direbobi ba su damu ba. A ganinsu ɓata lokaci ne a ɗaga mota a kan jak alhali ba abin da ya same ta, ga fasinja na jira. Sai taya ta sulɓe ko ta fashe sannan su zo. Shi kuwa ba ya raga musu. Da ya shafa taya da tafin hannu sai ya faɗi halin mai ita a gaban kowa: wannan ba ya taka birki sai ya ga rami a bakin hancinsa, wancan yana lafta wa mota buhunan wake fiye da ƙarfinta, wancan kuma rowar iska gare shi. Ana dariya, wanda aka yi da shi ya tafi yana ƙunƙuni, gobe ya dawo, don kowa ya san aikin Sha'ibu ba ya tashi. Allah ya ba shi ido da hannu, ya kuma haɗa masa da baki.

Mutum ɗaya ne bai taɓa saɓa lokacin juya taya ba, shi ne Ɗantala. Bagobiri ne daga Gidan Sori, dogo, siriri, da zanen gidansu a kumatu. Ya zo Gazawa yana tuƙa wa Alhaji Habibullahi, wani ɗan kasuwar wake da riɗi mai motocin haya uku. Farar bas ƙirar Hiyas aka ba shi, yana kai fasinja Maraɗi da safe ya dawo da la'asar. Shekara goma sha tara yana wannan hanya, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Mata masu ciki da tsofaffi sukan bar mota biyu su wuce don su jira tasa.

Duk wata biyu, ranar Juma'a da hantsi, Ɗantala zai kawo motar rumfa. Sha'ibu na aiki, shi yana zaune kan benci, butar shayi na kan gawayi a tsakaninsu. Ɗantala ba ya kiransa da suna, sai Bakatsine. Shi kuma ya ce masa Bagobiri. Su yi ta musu kan furar wane gari ta fi, da wa ya fi wani iya noma alhali dukansu sun gudu daga gona. In an gama su wanke hannu su tafi masallaci tare. Da aka aurar da Dija, babbar 'yar Sha'ibu, Ɗantala ya ajiye aikin yini guda ya kwashi kayan ɗakinta zuwa Agiye. Matansu ma, Delu ta Sha'ibu da Kande ta Ɗantala, sun zama kamar ya da ƙanwa.

Wata Juma'a cikin bazara Sha'ibu ya cire tayar dama ta gaba, ya shafa, hannunsa ya tsaya. Kafaɗarta ta waje ta gutsuttsure, bangonta duk ƙarzuwa. In saitin ƙafafun mota ne ya lalace, taya sumul take cinyewa kamar an goge ta da dutse. Wannan kuwa kamar an yi ta gatsa. Ya san abin da ke yin haka: bakin kwalta ne, inda ya karye ya bar kaifi, in mota na yawan sauka gefe tana hawowa. Ya mai da ita baya, ya kawo lafiyayya gaba.

Bayan wata biyu, wadda ya kawo gaban ita ma ta zama haka.

"Motar ga jan dama take yi," in ji Ɗantala daga kan benci. "Na kai an duba sitiyari a Maraɗi, sun ce lahiyarta lau. Kai mi ka gani?"

"Hanya ce ta lalace," Sha'ibu ya ce.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Hanyar nan motoci talatin ke binta, ba wadda tayarta ta yi haka. Da shayi ya nuna, ya zuba a ɗan kofi, ya zagayo ta hannun daman Ɗantala, ya miƙa masa ba tare da ya yi magana ba. Ɗantala na kallon titi. Kofin na nan kusa da kafaɗarsa, tururi na tashi, bai juyo ba. Sha'ibu ya ƙirga har goma a ransa, sannan ya yi gyaran murya. Ɗantala ya juya kansa gaba ɗaya, ya yi 'yar dariya ya karɓa.

"Kai Bakatsine, sanɗa kake kamar kyanwa."

A nan Sha'ibu ya gane. Idon abokinsa na dama ya fara barin aiki daga gefe, kuma da alama shi kansa mai idon bai tantance ba.

Da ya koma gida cin abincin rana ya gaya wa Delu. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baban Dija, ai sai ka faɗa masa."

"In ce masa me? Idon direba shi ne gonarsa. In maganar ta fita, Alhaji zai karɓe mota. Yara bakwai gare shi."

"Ba cewa na yi ka faɗa wa Alhaji ba. Shi za ka faɗa wa, ku biyu. Ka raka shi wurin likita."

"To. Bari damina ta wuce."

Damina ta wuce, kaka ta zo ta wuce. Sau da yawa yakan shirya maganar tun daga gida, ya jera kalmomin a kan hanya, amma da ya ga Ɗantala ya sauko daga mota yana murmushi sai bakinsa ya yi nauyi. Mutumin da ke faɗa wa kowa aibinsa a bainar jama'a ya kasa faɗa wa amininsa kalma huɗu a keɓe. Yana tsoron Ɗantala ya ji kunya, yana tsoron ya ƙaryata shi su ɓata, kuma can ƙasan ransa yana fatan abin ya warke da kansa, kamar yadda jan ido ke zuwa ya tafi.

Sai ya yi abin da hannunsa ya iya. Ya ce wa Ɗantala tunda hanya ta lalace, ya riƙa kawo motar duk wata. Ya shigar da safaya, ta biyar ɗin da ke rataye ƙarƙashin mota, cikin juyin, don ɓarnar ta rabu a kan taya biyar. Wadda gefenta ya yi muni sai ya cire ta daga ƙarfenta ya kifa ta, gutsurarren gefen ya koma ciki inda ido ba ya gani. In Alhaji ya zagaya motarsa da safe, sai ya ga tayoyi sumul. Wani lokaci Sha'ibu yakan jefa magana a kaikaice, ya ce tsufa ya zo, a rage gudu, a daina bari magariba ta yi a hanya. Ɗantala ya ce ai shi Bagobiri ba ya tsufa.

Haka aka yi shekara ɗaya da rabi. A tsawon wannan lokaci ba ranar da la'asar za ta yi Sha'ibu bai ɗaga kai ya dubi yamma ba. Ya san mutum nawa motar ke ɗauka. In ta yi jinkiri sai ya kasa aiki, ya riƙe sifana yana juya ta a hannu. In ya hango farin goshinta sai ya sauke numfashi, ya ce wa kansa to ka gani, ba komai, gobe ma haka.

Abin ya fashe ne ranar kasuwar Gazawa. Kwana biyu kafin nan wata tayar baya ta tsage a bango kusa da Cadawa. Allah ya taimaka motar na tafiya a hankali, ba wanda ya ji ciwo. Da aka kai ta gareji a Maraɗi, masu gyaran can suka cire tayoyin duka, suka kira Alhaji Habibullahi suka nuna masa cikin kowace. Suka ce ba yadda za a yi taya biyar su cinye ta ciki haka, sai dai in mai facinsa na musanya masa nasa da tsofaffi yana kifa su.

Alhaji ya zo rumfa da hantsi, tasha cike da 'yan kasuwa, Ɗantala na biye da shi. Ya sa aka sauke tayoyin a gaban Sha'ibu. Ba mutum ne mai hayaniya ba, amma ran nan muryarsa ta kai har wurin masu tuyar ƙosai.

"Sha'ibu, shekara ashirin ina kawo maka motocina. Ban taɓa tsayawa a kanka ba. Ashe abin da kake yi mini ke nan?"

"Me na yi, Alhaji?"

"Dubi nan. Sababbi na saya. Ina nawa suka tafi?"

Mutane suka fara taruwa. Direbobin da ya sha yi wa dariya suka matso gaba. Wani daga baya ya ce dama mai yawan baki sai an bincike shi. Ba wanda ya furta kalmar ɓarawo, amma Sha'ibu ya ji ta tana yawo a tsakanin mutane.

Ɗantala ne ya shiga tsakani. "Alhaji, ka yi haƙuri. A gabana yake aikin ga kullum. Sha'ibu ba ya cin amana. In akwai laihi, a hanya yake."

Da Sha'ibu ya yi shiru a nan, da wataƙila Alhaji ya huce, a koma gefe a yi magana. Da ya ce Alhaji mu shiga daga ciki, da an rufa asiri. Ya sha maimaita wannan a ransa daga baya. Amma a lokacin ba abin da yake ji sai sunansa da ya yi shekara talatin yana ginawa, da idanun mutane a kansa.

"Ba wanda ya musanya maka taya, Alhaji," ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ga allina a jikinsu. Bakin kwalta ne ya cinye su. Ka tambayi direbanka in yana ganin gefen hanya. Idonsa na dama ya mutu."

Ɗantala ya juyo ya dube shi, irin juyowar nan ta kai gaba ɗaya, yanzu kuma kowa ya lura da ita. Alhaji ya koma ta hannun daman direbansa, ya ce masa ya dubi gaba, sannan ya cire tasa hular ya ɗaga ta sama.

"Me na ɗaga, Ɗantala?"

Ɗantala ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ya buɗe ƙofar mota ya ajiye shi kan kujera, ya ɗauki buzun sallarsa da butarsa. Mutane suka dare masa ya wuce. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa sun koma Gidan Sori. Kande ta aiko wa Delu da turmin da ta ara, ba ta zo sallama ba.

Alhaji ya dawo washegari ya ba Sha'ibu haƙuri a gaban mutane. Labari ya bazu har Agiye da Tasawa cewa akwai mai faci a Gazawa da ke gane ciwon ido a jikin taya. Aiki ya ƙaru. Direbobin da ba su taɓa yarda a juya musu taya ba suka fara layi, wasu har da zolaya, suna cewa malam duba mini ko ina da ciwon ciki. Sha'ibu yakan yi aikin ya sallame su. Ya daina dafa shayi a rumfa. Ranar Juma'a yakan rufe tun da hantsi ya tafi masallaci shi kaɗai.

Ya yi niyyar zuwa Gidan Sori tun a watan farko. Ya ce bari zuciya ta huce. Daga nan aka shiga azumi, aka yi salla, aka yi shuka. Wani direba mai suna Sabo ya gaya masa cewa Alhaji ya sa an kai Ɗantala wurin likitan ido a Maraɗi, an ba shi magani. Sha'ibu ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki wannan ya kwantar da ransa da shi. Yana da lambar wayar Ɗantala, ya sha fito da ita ya duba ya mayar aljihu. Wasa wasa shekara biyu ta wuce.

Delu ce ta gaji. Wata safiya bayan girbi ya tarar ta ɗaure ƙullin daddawa da kuɓewa busasshiya da sabulu ta ajiye a bakin ƙofa.

"Wannan na Kande ne," ta ce. "Ko ka kai, ko in kai da kaina in ce mata mijina ba shi da ƙafa."

Ya ɗauka. Ya hau mota zuwa Maraɗi, ya sake wata zuwa Tibiri, daga nan ya hau kabu-kabu suka bi yashi. Ko'ina amalanke ne ɗauke da dammunan gero. Ya iske Ɗantala a inuwar zaure yana tufka igiya, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Sha'ibu ya yi sallama. Hannun Ɗantala ya tsaya a kan igiyar.

"Wa alaikumus salamu. Malam Sha'ibu ne? Marhabin. A kawo tabarma."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da damina. Kande ta leƙo ta gaishe shi a taƙaice, ta karɓi ƙullin ta yi godiya, ta aiko da fura. Mudassir, babban ɗan Ɗantala, wanda ya bar karatu a Maraɗi ya dawo ya riƙe gonar gidan, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi ya koma wurin aiki. Da suka rage su biyu, Sha'ibu ya fara maganar da ya yi shekara biyu yana ɗauke da ita.

"Na zo ne in roƙe ka gafara. Abin da na yi maka a tasha..."

"Wannan ya wuce," Ɗantala ya katse shi. "An taɓa mutuncinka, zuciya ta ɗebe ka. Kowa na iya yi. Tun kan in bar Gazawa na yahe maka shi. Kunya ce ta hana ni waiwaye."

Sha'ibu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya tambayi lafiyar idon.

Ɗantala ya ce hawan jinin ido ne. Likitar, wata mace ce, ta yi masa bayani: ciwon ba ya zafi, daga gefe yake fara ci a hankali, mutum bai sani ba. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa, amma in an kama shi da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsai da shi. Na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara.

"Ta ce da na zo shekara guda kahin nan, da an ceci rabin na dama, na hagu kuwa da bai kai haka ba. Ta tambaye ni tun yaushe ya hwara. Na ce ban sani ba, ni mota nake zargi." Ya ja igiyar ya ɗaure bakinta. "Abin da nake ta tunani ke nan. Ran nan ka ce ga allinka a jikinsu. Taya biyar, duk an kihe su. Ba a rana ɗaya aka yi wannan ba. Kai tun yaushe ka gane?"

Sha'ibu ya ga ƙofar ƙarya a buɗe. Zai iya cewa wata biyu, zai iya cewa zato kawai yake yi. Ba wanda zai ƙaryata shi.

"Shekara ɗaya da rabi," ya ce.

Can cikin gida ana daka, wata akuya na kuka a bayan danga.

"Shekara da rabi," Ɗantala ya maimaita a hankali. "Kana zuba mini shayi, kana kallona."

"Tsoro nake yi kada a karɓe maka mota."

"An karɓe ai." Sannan ya ƙara da cewa, "Mutum goma sha takwas nake ɗauka, ban da na goye."

Sha'ibu ya jira ko za a ce an yafe wannan ma. Ɗantala ya shafa ƙasa ya lalubo wani zaren kaba, ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo abinci. Suka ci tuwo a kwano ɗaya ba magana. Da Sha'ibu zai tafi ya ga amalanken gidan a jingine, tayarta ɗaya ta cinye ta gefe. Ya tambayi Mudassir ko akwai sifana a gidan ya sauya musu ita. Aka duba ba a samu ba. Ya tafi ya bar ta haka.

Tun daga ranar, duk bayan wata biyu ko uku yakan rufe rumfa ya kama hanya. Ya karɓi sunan maganin a wurin Mudassir, yakan tsaya a Maraɗi ya saya a kantin magani ya kai. Ɗantala yakan karɓa ya yi godiya ya sa albarka. Yakan tambayi labarin tasha, wa ya mutu, wa ya sayi mota, ko an gyara ramukan da ke gaban Agiye. Sha'ibu, wanda bai taɓa tuƙa mota ba, ya koyi lura da hanya don ya sami abin faɗa. Hirar ba ta wuce awa guda. Maganar ran nan ba wanda ya sake tayar da ita.

A rumfa kuwa aiki ya ja baya. Bayansa ya fara ciwo, ba ya iya ɗaga tayar babbar mota. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya gaji sana'ar, ɗaya na sayar da waya a Maraɗi, ɗaya na kabu-kabu. Sau ɗaya ya ga wata alama da ba ta yi masa ba a tayar wani direba, ya ja shi bayan rumfa ya gaya masa a hankali cewa ya je a duba lafiyarsa. Mutumin ya ji haushi, ya ce shi ba Ɗantala ba ne, ya kwashe motarsa ya koma wurin wani mai faci a ƙofar kasuwa. Har yau ba ya gaishe shi.

Zuwansa na baya-bayan nan Gidan Sori bayan babbar salla ne. Idon hagun ya ƙara ragewa duk da maganin. Da ya miƙe zai tafi, Ɗantala ya ce bari ya taka masa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗora hannu a kafaɗar Sha'ibu suka fita. Suka bi ta tsakanin rumbuna, suka wuce rijiya, Sha'ibu na faɗa masa inda akwai rami da inda akwai turke. Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan. A bakin gari, inda masu kabu-kabu ke tsayawa, Ɗantala ya saki kafaɗar.

"To, ka sauka lahiya. Ka gai da Delu. Ka ce mata daddawar wannan karon ta hi ta da."

"Za ta ji."

Mai babur guda ne ya rage, ya riga ya tayar yana jira. Sha'ibu ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya waiwaya. Ɗantala na tsaye inda ya bar shi, fuskarsa na kallon wajen da ba gida ba, kuma ba kowa a kusa. Bai roƙi komai ba. Sha'ibu ya ce wa mai babur ya tafi abinsa. Ya dawo ya kama hannun ya mayar kan kafaɗarsa, suka juya suka bi ta rijiya da rumbuna har ƙofar zaure. Ya zaunar da shi a kan tabarma, ya miƙa masa igiyarsa, suka sake yin sallama.

Da ya komo bakin gari ba babur ko ɗaya. Ya tsaya ɗan lokaci, sannan ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya kama yashin hanyar Tibiri a ƙasa, yana sauraron ko wata amalanke za ta biyo baya.